Kafin Ka Hau Doki, Ka Sauka Daga Dokin Zuciya

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau maganar doki za mu yi. Na san yanzu wani zai ce, "Kai kuma! Ga rashin aikin yi, ga tsadar rayuwa, duk ka tsallake sai doki?" A yi min haƙuri a bi ni a hankali. Kafin mu gama za ku ga cewa rabin maganar a kan mutumin da ke bisa sirdi take, kuma mafi yawan masu hawan nan matasa ne irinmu.

Bari na fara da abin kunyar da ya same ni. Shekarar da na gama jami'a wani abokina ya yi aure, aka ce za a yi hawan angwanci. Ni dai iyakar sanina da doki shi ne na taɓa hawa sau uku ko huɗu, ana riƙe min da ragama. Amma ga abokai, ga 'yan mata, ga masu ɗaukar hoto, wa zai ce bai iya ba? Aka kawo min wani kili na haya, na hau. Wallahi gabana faɗuwa yake yi, amma fuskata tana murmushi. Na matse dokin nan da ƙafafu kamar zan fasa masa haƙarƙari, na ƙanƙame linzami da hannu biyu. Ko mita 50 ba mu yi ba wani mai babur ya danna hon, doki ya zabura, na ƙara jan linzami, ya miƙe da ƙafafun baya, sai ga ni a ƙasa. Sati uku na yi ina ɗingishi.

Da na tashi, abin da ya fara zuwa min shi ne na karɓi bulala na rama. Sai dattijon da ke kula da dokin ya riƙe hannuna, ya ce, "Yaro, bar shi. Tun kafin ka sa ƙafa a likkafa dokin nan ya san kana jin tsoro. Ka ce masa ya tafi da ƙafarka, ka ce masa ya tsaya da hannunka, duk a lokaci ɗaya. Wanne kake so ya bi?" Na ce, "Baba, ai dokin ne ba shi da horo." Ya yi dariya kawai, ya kira wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, ya hau dokin nan ya zagaya da shi lafiya lau.

To, sai daga baya na gano cewa abin da Baba ya faɗa min a tsaye a bakin titi, a ƙasashen Turai da Amurka ya zama sana'a guda, har ana biyan kuɗi a koya. Shi ne batunmu na yau: yadda kocin rayuwa yake taimaka wa mahayin doki ya gyara tunaninsa, da yadda hakan ke gyara tsakaninsa da dokinsa.

Da farko, wane ne kocin rayuwa? Mun san kocin ƙwallo, shi ne mai tsara 'yan wasa. Mun san mai koyar da hawa, shi ne zai ce maka sauke dunduniya, miƙe bayanka, sassauta hannu. Shi kuwa kocin rayuwa wani lokacin ma bai fi ka iya hawa ba. Aikinsa shi ne ya zauna da kai ya yi ta yi maka tambayoyi har ka gano da kanka abin da ke hana ka amfani da abin da ka riga ka iya.

Abin ya samo asali ne daga fagen wasanni. A shekarar 1974 wani Ba'amurke mai koyar da wasan tanis, Timothy Gallwey, ya fitar da littafi mai suna The Inner Game of Tennis. Abin da ya lura da shi shi ne, ɗan wasa yana fama da abokan hamayya biyu: wanda ke tsallaken raga, da kuma muryar da ke cikin kansa tana ce masa za ka ɓata, ka ga ana kallonka, jiya ma haka ka yi. Kuma sau da yawa na cikin kan ne ke kayar da mutum. Daga nan wani Bature ɗan Ingila, John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, ya ɗauki wannan tunanin ya shigar da shi ofisoshi da kamfanoni, ya rubuta littafin Coaching for Performance a 1992. A 1995 kuma Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar koci-koci ta duniya da ake kira ICF a Amurka. Sannu a hankali wasu daga cikin masu wannan sana'a suka keɓe kansu ga mahaya dawaki kaɗai.

Yanzu tambayar ita ce, me ya sa mahayin doki ya fi ɗan tanis buƙatar wannan? Amsar mai sauƙi ce. Sandar tanis ba ta san kana jin tsoro ba. Ƙwallo ba ta san ka yi faɗa da matarka da safe ba. Doki kuwa ya sani.

Ku tuna, doki dabba ce da a daji ake farautarta. Abin da ya tsirar da kakanninsa shi ne saurin gane haɗari da saurin gudu. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai ɗan wurin da ke daidai gaban goshinsa da kuma daidai bayan wutsiyarsa. Fatarsa tana jin saukar ƙuda, har ya girgiza daidai wurin. Kuma dabbar garke ce, idan ɗaya ya firgita sauran ba sa tsayawa tambayar dalili. To ka ɗauki wannan halitta mai nauyin kilo 300 zuwa 500, ka ɗora mata mutum a gadon baya wanda cinyoyinsa suka sandare, numfashinsa ya ɗauke, hannunsa yana rawa a kan ƙarfen da ke cikin bakinta. Saƙon da take karɓa shi ne akwai abin tsoro a kusa.

Kuma wannan ba zancen fatar baki ba ne, an gwada. A ƙasar Suwidin, wata mai bincike Linda Keeling da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2009. Sun haɗa dawaki 27 da mutane 37, wasu suna jan dokin a ƙasa, wasu suna kai. Aka sa wa kowa na'urar auna bugun zuciya, mutum da doki. Kowa zai yi tafiyar mita 30 sau huɗu. Kafin zagaye na huɗu sai a gaya wa mutumin cewa idan ya zo wucewa za a buɗe lema ba zato. Kun san doki da abin da ya buɗe farat ɗaya. To ba a buɗe lemar ba sam. Amma bugun zuciyar mutanen ya tashi, na dawakin ma ya tashi. Ka gane? Dokin bai ji Turancin da aka yi ba, bai ga wata lema ta buɗe ba. Fargabar mutumin kawai ya ɗauka.

A Jami'ar Sussex da ke Ingila kuma, a 2016, an nuna wa dawaki 28 manyan hotunan fuskokin mutane, wasu suna murmushi, wasu sun murtuke. Idan aka nuna fuskar fushi, dawakin sukan juya su kalle ta da idon hagu, wanda shi ne yadda suke kallon abin da suke ɗauka barazana ne, bugun zuciyarsu kuma ya ƙaru da sauri. Bayan shekara biyu, a 2018, masu binciken suka ƙara gaba: a nuna wa doki hoton mutum yana fushi, bayan sa'o'i a kawo mutumin da kansa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sai aka ga dokin yana ɗari-ɗari da shi. Wato ya riƙe.

Shi ya sa na ce Bahaushe ya yi hikima da ya kira fushi dokin zuciya. Wanda ya zo barga a kan dokin zuciya, to dawaki biyu yake so ya hau a lokaci ɗaya, kuma ɗaya sai ya kayar da shi.

To, a aikace me kocin yake yi? Bari na kasa shi gida huɗu.

Na ɗaya, yana taimaka maka ka san abin da kake nema. Akwai wani tsari da Whitmore ya yaɗa, ana kiransa GROW, matakai huɗu ne. Da Hausa sai mu ce buri, zahiri, zaɓi, da niyya. Bari na kwatanta muku yadda zaman yake kasancewa. Mu ƙaddara wani matashi ne da ya faɗi, yanzu yana tsoron sukuwa.

Koci zai ce, "Me kake so ya canja?" Shi kuma ya ce, "So nake na daina jin tsoro." Koci ya ce, "Idan tsoron ya ragu, me zan gan ka kana yi wanda yanzu ba ka yi?" Ya ce, "Zan iya sakin doki a fili ba tare da na ƙanƙame linzami ba." Yauwa, an samu buri, wanda ido zai iya gani.

Sai zahiri. "Yaushe tsoron yake farawa? Tun daga gida, ko sai ka ga dokin, ko sai ya ɗaga ƙafa?" Sai ka ji ya ce, "Gaskiya idan ni kaɗai ne da sauƙi, sai idan abokaina suna wurin." Kun ga an tono wani abu. Ashe rabin tsoron na faɗuwa ne, rabin kuma na dariyar mutane.

Sai zaɓi. "Waɗanne hanyoyi kake da su?" Zai iya fita da sassafe kafin jama'a su taru. Zai iya komawa kan doki mai sanyin hali na wata ɗaya. Zai iya neman wani babba ya riƙa tafiya kusa da shi.

Sai niyya. "Wanne za ka yi, ran yaushe, ƙarfe nawa, kuma wa zai tambaye ka ko ka yi?" Nan ne bambancin koci da mai ba da shawara a majalisa. Mai shawara zai ce maka ka daure kawai, ai namiji ba ya tsoro. Koci kuwa sati mai zuwa zai tambaye ka, ranar Talata ka fita ko ba ka fita ba, in ba ka fita ba me ya hana.

Na biyu, yana aiki a kan tsoron bayan faɗuwa. Mu a nan abin da muka sani shi ne, ka faɗi, ka tashi ka koma kai yanzu-yanzu. Wani lokacin yana aiki, wani lokacin kuma yana ƙara dasa tsoron, musamman idan mutum ya koma jikinsa yana karkarwa, dokin ma bai huce ba. Kuma in kai ne ya bugu, babu maganar komawa sirdi ranar, asibiti za a nufa. Abin da koci-koci suke yi shi ne su gina maka tsani. Matakin farko wataƙila ka tsaya kusa da dokin kawai kana goge masa jiki. Na biyu ka ja shi da ragama ku zagaya. Na uku ka hau, ka zauna minti biyu, ka sauka. Na huɗu tafiya a hankali wani yana riƙe. A kowane mataki za ka ba wa tsoronka maki daga 1 zuwa 10, kuma ba za ka hau mataki na gaba ba sai makin ya sauko. Ga mai kallo abin kamar wasan yara. Amma haka ƙwaƙwalwa take koyon cewa wurin nan ba mutuwa ba ne, da ɗan kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Na uku, jiki da numfashi. Akwai wata Ba'amurkiya, Sally Swift, wadda ta taso da lanƙwasar ƙashin baya tun tana ƙarama, abin da ya tilasta mata ta san jikinta sosai. A 1985 ta fitar da littafin Centered Riding, kuma har yau ana koyar da tsarinta a ƙasashe da yawa. Biyu daga cikin ginshiƙanta su ne numfashi da sassauta ido. Mai jin tsoro yakan riƙe numfashi bai sani ba, kuma yakan kafe ido a wuri ɗaya, galibi a kan kunnuwan doki ko a kan abin da yake tsoro. Da ka riƙe numfashi, ƙugunka ya sandare, sai ka riƙa dukan bayan doki kamar buhu maimakon ka bi motsinsa. Maganin da ake koyarwa ba shi da tsada: ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Wasu koci-kocin ma cewa suke ka riƙa magana ko ƙirga da ƙarfi kana tafiya, don mai magana ba ya iya riƙe numfashi. Sannan ka ɗaga kai ka kalli inda za ka, ka bar idonka ya ɗauki gefe da gefe. Ku gwada ko a kan babur ne, za ku ji kafaɗunku sun sauka.

Na huɗu, wanda ni a wurina ya fi kowanne, shi ne labarin da kake ba wa kanka game da dokin. Mahayi zai ce, "Dokin nan ya raina ni." "Da gangan yake yi don ya kunyata ni." Da zarar ka yarda raini ne, abin da zai biyo baya shi ne bulala da ƙaimi. Koci zai tambaye ka, "In ba raini ba ne, me kuma zai iya zama?" Sai a fara lissafi. Ko sirdi ne yake cin bayansa. Ko linzamin ya ji masa ciwo a baki. Ko kofato ne. Ko bai gane abin da kake nema ba. Ko tsoro yake ji kamar yadda kake ji.

A nan akwai wani ilimi da ya kamata duk mai hawa ya sani. Doki yana koyo ne daga sassautawa. Ka ja linzami, ya tsaya, ka saki nan take: sakin nan shi ne yake gaya masa ya yi daidai. In ya tsaya kuma ka ci gaba da ja saboda kai hankalinka a tashe yake, to ka hana shi amsa. Ya gwada tsayawa bai samu sauƙi ba, sai ya gwada wani abu, ya girgiza kai, ya yi tutsu, ko ya miƙe. Abin da ya faru da ni ke nan ranar angwancin. Kuma mutumin da ke cikin fushi ko firgici ba ya iya sakin hannu a kan lokaci. Kun ga inda tunanin mahayi da tarbiyyar doki suka haɗu.

Shi ya sa da yawa daga cikin koci-kocin suke ba da aikin gida wanda babu hawa a ciki. Je ka barga, ka ajiye waya, ka yi minti 20 kana goge dokin, kana lura da kunnuwansa. In ya kwantar da su baya sosai, ransa a ɓace yake. In ya sauke kai, leɓensa na ƙasa ya saki, ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya samu nutsuwa da kai. Wanda bai taɓa ganin dokinsa a natse ba, yaya zai gane lokacin da ya fara tayar da hankali?

Bari na ba ku misalin da duniya ta gani. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a watan Agustan 2021, akwai wasan da ake haɗa fannoni biyar: takobi, ninƙaya, tsallake shinge a kan doki, harbi da gudu. A dokar wasan a lokacin, ba da dokinka kake zuwa ba. Ƙuri'a ake yi a ba ka doki, a ba ka minti 20 ku saba. Wata 'yar Jamus, Annika Schleu, ita ce ke kan gaba, zinare na hannunta kusan. Sai ƙuri'a ta ba ta wani doki mai suna Saint Boy, wanda ya riga ya ƙi tsallake wa wata 'yar wasa kafin ita. Ta shiga fili tana kuka, dokin yana ja da baya, tana dukansa da bulala, kocinta Kim Raisner tana ce mata ta ƙara, har ita kocin ta kai wa dokin naushi. Aka kori kocin daga gasar, ita kuma 'yar wasan ta ƙare a ta 31. Kafin ƙarshen shekarar hukumar wasan ta yanke cewa bayan gasar Paris ta 2024 za a cire hawan doki daga wasan gaba ɗaya.

Ban kawo wannan don na zagi baiwar Allah ba. Shekaru ta yi tana shiri, kuma tsarin da ya haɗa ta da firgitaccen doki na minti 20 shi ma yana da nasa laifin. Amma ku duba: ƙwararriya ce, ta iya hawa. Abin da ya kuɓuce mata a minti biyun nan shi ne kanta, kuma wadda ya kamata ta kwantar mata da hankali ita ce ta ƙara zuga wutar. Sannan ku duba tsarin da kyau: baƙon doki, ɗan lokaci kaɗan, taron jama'a, da matsin kada a ji kunya. 'Yan uwa, wannan ba shi ne hawan angwancinmu da dokin haya ba?

Yanzu gargaɗi, don kada wani ya saurari shirin nan gobe ya buga kati ya ce shi kocin mahaya ne. Sana'ar kocin rayuwa a mafi yawan ƙasashe ba ta da lasisin gwamnati kamar na likita. Kowa zai iya kiran kansa koci. Don haka akwai abubuwa uku da koci ba zai maye gurbinsu ba. Ba zai maye gurbin mai koya maka hawa ba. In ba ka iya zama a sirdi ba, duk numfashin duniya ba zai riƙe ka ba. Ba zai maye gurbin likitan dabbobi ba. Dokin da haƙorinsa ko bayansa ke ciwo magani yake buƙata. Kuma ba zai maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa ba. In bayan haɗari kana mafarkin abin, ba ka barci, gabanka yana faɗuwa ko ba doki a kusa, wannan ya wuce aikin koci, kuma kocin kirki da kansa zai ce ka je asibiti. Duk wanda ya ce maka zama ɗaya zai cire maka tsoro har abada, riƙe kuɗinka. Haka wanda ya ce komai a tunaninka yake. Wani tsoron gaskiya yake gaya maka: dokin ya fi ƙarfinka a yanzu, ko titin nan mai kwalta da motoci ba wurin sukuwa ba ne.

To mu dawo gida. Mu ba baƙin doki ba ne. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Ga Hawan Daushe, ga Hawan Nasarawa, ga na Katsina da Zazzau da sauran masarautu. A fagen folo, Kofin Georgian da ake bugawa a Kaduna tun 1919 yake, kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo sunansa ya yi nisa a wannan wasa. A fada akwai sarautar Shamaki, mai kula da bargar sarki. Kuma a gidajen da suka gaji doki, yaro ba ya fara da hawa. Zai fara da sharar barga, ɗebo harawa, jiƙa dusa da kanwa, kai doki wanka. Kafin a bar shi ya hau, ya san halin dabbar, ita ma ta san warinsa da muryarsa. Ga kuma dattijo a gefe yana lura da shi, in ya ga ya zo a fusace ya ce yau ba za ka hau ba. Ashe muna da namu koci-kocin, suna ne kawai ba mu ba su ba.

Abin da ya canja shi ne yanzu da yawanmu mun tsallake wannan matakin. Kuɗin haya kawai za ka biya a miƙo maka linzami. Ga waya a hannun abokai ana jiran bidiyon da za a ɗora. Ɗoki ya yi yawa, sanin doki ya yi kaɗan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai waɗanda saboda su kashe tsoron nan sai sun haɗiyi ƙwaya kafin su hau. Ƙwayar tana kashe tsoron, amma tana kashe lissafi da tausayi tare da shi. Sakamakon muna ganinsa: karaya, banke yara da tsofaffi a lungu, dawaki da baki yana jini, har hukumomi su riƙa sa takunkumi a kan kilisa. Kowane irin wannan yana ƙara ba wa masu cewa a hana abin gaba ɗaya hujja.

Don haka ga abin da nake roƙo, musamman ga ƙungiyoyin matasa masu hawa. Ba sai kun nemo wani daga Landan ba. Ku samu dattijo ɗaya da ya san doki, ku ba shi girmansa, ku ba shi ikon ya ce wane yau ba zai hau ba. Ku ware rana ɗaya a wata ku zauna ba hawa, kowa ya faɗi abin da yake ba shi tsoro ba tare da an yi masa dariya ba. Wanda ya faɗi, ku gina masa tsanin nan da na faɗa, kada ku tura shi da gori. In wurin motsa doki ne ko folo, a sa hular kwano. Kai kuma, kafin ka sa ƙafa a likkafa, ka tsaya ka yi numfashi uku masu tsawo, ka tambayi kanka: da me na zo yau? In fushi ne, in gasa ce da wani, in ƙwaya ce, to ka bar sirdin nan, ka ɗauki buroshi.

Ni dai sai da na yi kusan shekara kafin na koma. Wurin Baban nan na koma, kuma sati biyun farko ko sirdi bai bari na taɓa ba. Kilin da ya kayar da ni shi na riƙa kai wa ruwa. Ranar da na hau, Baba yana riƙe da ragama, abin da ya ce min kawai shi ne, "Ɗana, saki numfashin." Ban ma san na riƙe shi ba.

A nan za mu dakata a wannan makon. In kana da ƙani ko aboki mai son hawa, tura masa ya karanta kafin Sallah ta zo.